Rahoton Ayyukan Shekara: Komawarmu Farfaru

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan uwa membobi maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta gudanar daga Muharram zuwa Zulhajji. Aikin bana kusan duk ya taru ne a kan abu ɗaya, wato gyaran wasali a karatun Alƙur'ani, don haka a nan zan fi daɗewa.

Za ku tuna mafarin abin. A tadarisin azumin bara malamanmu suka lura cewa da yawa daga cikin magidanta, har da waɗanda suka sauke tun suna samari, da ka suke karatu, ba da ido ba. Mutum zai kawo Yasin tiryan-tiryan, amma in aka buɗe masa tsakiyar Nisa'i aka ce ya tashi kalma ɗaya, sai ya tsaya lalube tsakanin wasalin bisa da rufu'a. Shi ya sa taron farkon shekara ya yanke cewa kowane aji ya koma farfaru, wato koyon haɗa baƙaƙe da wasulansu, a ajiye maganar yawan izu sai baki ya gyaru.

Shawarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Dattijo mai jikoki ya zauna yana maimaita "ba da wasali bisa, ba, da wasali ƙasa, bi, da rufu'a, bu" abu ne mai nauyi, kuma a makonnin farko wasu sun janye jiki. Abin da ya dawo da su shi ne darasin da babban malaminmu ya yi a kan Fatiha. Ya rubuta "an'amta" a allo, ya ce wasalin bisa da ke kan harafin "ta" yana nufin "Kai ne Ka yi ni'ima". Ya goge shi ya sa rufu'a, ta koma "an'amtu", ma'ana "ni ne na yi ni'ima". Haka "iyyaka": in kaf ta zame zuwa wasalin ƙasa, magana ta koma da mace ake yi. Ya tunatar da mu cewa sau 17 muke karanta surar nan kullum a sallolin farilla kaɗai, kuma musanya wasali yana cikin abin da malaman tajwidi ke kira lahani bayyananne. Daga ranar nan babu wanda ya ƙara cewa karatun yara ne.

Hanyar da aka bi mai sauƙi ce. Malami ba ya tsayawa ga sauraro kaɗai, yana kallon bakin ɗalibi: fataha (wasalin bisa) a buɗe baki, kasra (wasalin ƙasa) a sauke haɓa, damma (rufu'a) a tattara leɓe. An gaya wa ɗalibai cewa asalin sunayen ke nan. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 69 bayan Hijira, ya sa marubucinsa ya riƙa kallon leɓensa yana ɗiga tawada mai wani launi, ɗigo a sama ko a ƙasa ko a gaban harafi. Daga baya Khalilu bin Ahmad ya kawo siffofin da muke gani yau, shi ya sa rufu'a take kama da ƙaramin wau. Wani dattijo da ya ji wannan ya kawo mana Alƙur'anin mahaifinsa rubutun hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, ɗalibai suka yi ta zagaye shi suna kallo.

Inda muka fi shan wuya shi ne tsawon wasali. Wasu kan ja gajere har ya haifi alif ko wau da babu su a rubuce, musamman in suna neman daɗin murya, wasu kuma sauri ke sa su haɗiye shi. Malamar ajin mata ce ta samo maganin abin daga cikin Hausarmu. Ta ce wa ɗalibanta babu Bahaushiyar da za ta rikita garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuwo da shi, alhali tsawon "ga" ne babban abin da ya raba su. Kunnen da ya san wannan ya san bambancin haraka ɗaya da haraka biyu, wato gajeren wasali da dogo. Sauran azuzuwan duk sun ari misalin.

Sai batun riwaya. Dattawanmu da Warshu suka taso, 'ya'yansu na Islamiyya kuma Hafsu suke yi. An yi gardama a wani gida kan "Maliki yaumiddin": ɗa yana cewa babansa ya taƙaita, uba yana cewa ɗan ya ƙara. Kwamitin ilimi ya yi zama na musamman ya bayyana cewa Warshu daga Nafi'u ba ya jan mim ɗin, Hafsu daga Asimu yana ja, kuma dukansu ingantattu ne. Mun tsaya a kan cewa kowa ya riƙe riwayarsa da mus'hafinta, kada a cakuɗa. A ganina wannan yana cikin mafi amfanin abin da muka yi bana.

Ajin mata na safiyar Asabar da Lahadi shi ya fi kowane aji riƙe lokaci. Sun buɗe zaure a WhatsApp inda ɗaliba ke tura muryarta malama ta gyara mata. Yara kuma sun ci gaba da allo da tawada, ana hutun Alhamis da Juma'a kamar yadda aka saba.

Akwai inda muka gaza. Da damina ta kankama ajin dare ya yi rauni saboda aikin gona, rufin ɗakin karatu ya yi yoyo har tabarmi suka lalace. Rashin wuta ya cutar da mu ƙwarai, domin wasali ƙaramin abu ne, ba ya ganuwa da hasken waya. Mun kuma gano a makare cewa wasu tsofaffi ba rashin sani ke damunsu ba, ido ne ya yi rauni. An saya musu mus'hafai masu manyan baƙaƙe, amma ba su wadatar ba. Mun yi niyyar kammala ɗauri da ƙarfi da tanwini kafin azumi, ajin magidanta bai kai tanwini ba. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗi daban, sai dai ina tuna wa waɗanda ake bi kuɗin wata cewa daga nan ake ba malamai ɗan abin sabulu.

A shekara mai kamawa kwamiti na neman amincewarku kan gyaran rufi kafin ruwan farko, da sayen fitila mai aiki da hasken rana, da ɗaukar ƙarin malama. Za a shiga babin madda, wato jan wasali, ne bayan malami ya saurari kowane ɗalibi shi kaɗai a shafin da bai haddace ba.

Muna godiya ga malamanmu da duk wanda ya taimaka da aljihunsa ko lokacinsa. Allah Ya jiƙan membobinmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar nan.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya