Kafin a sa kaki, a karanta ilimin laifuka da shari'a

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi kira ga matasa masu sha'awar aikin ɗan sanda ko na gandiroba, su fara karanta ilimin laifuka da shari'a a jami'a.

Na daɗe cikin kaki kafin in yi ritaya, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar shari'ar da ta rushe saboda kuskurenmu. Na taɓa ganin wani sabon kurtu ya ɗauki wuƙa a wurin da aka yi kisa, ba safar hannu. Zanen yatsunsa ya hau kan na mai laifin. Ranar yanke hukunci, mahaifiyar mamacin tana zaune tana kallo aka sallami mutumin. Kurtun nan ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne.

A jami'a ake sanin dalilin killace wuri, da rubuta sunan duk wanda shaida ta bi ta hannunsa, da yadda ake tambayar wanda ake zargi ba duka, tunda kotu tana iya watsi da iƙirarin da aka samu da tilas. Tun 1764 masanin shari'a Cesare Beccaria na Italiya ya nuna cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi.

Fareti da riƙon bindiga dai sai makarantar horo. Roƙona ga jami'o'i, su riƙa tura ɗaliban nan kotu su zauna su ga yadda lauya ke tsefe shaidar jami'i.

Naka,
Tsohon ɗan sanda