Wasiƙa daga Tuluz zuwa Damagaram: maganar karatun ɗanka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya kuka ji da zafin bazara? Mu nan lafiya ƙalau, maiɗakina da yara suna gaishe ku.

Na rubuto a takarda ne don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma ina so ka karanta wa Inna a tsanake. Labarin da ya iso muku gaskiya ne: ɗanka na fari, tun da ya ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ya ce shi sirk zai karanta, wato wasan nuna gwanintar jiki da na dabbobi a gaban 'yan kallo. An gaya mini Inna ta yi kuka, wai jikanta zai zama gardi mai jan kura a kasuwa. Hankalina ya tashi da jin haka, shi ya sa zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Tun shekarun 1970 matasa a Faransa suka fara wani irin sirk da babu zaki babu giwa, sai jikin ɗan Adam, da kiɗa, da labari irin na wasan kwaikwayo. A 1985 gwamnati ta buɗe masa babbar makaranta ta ƙasa a garin Shalon. A 2021 ma majalisa ta yi dokar da za ta hana yawo da namun daji a sirk daga 2028. Nan Tuluz muna da makarantar Lido, inda ake karatun shekara 3 a fito da difloma da ma'aikatar al'adu ta amince da ita. Shiga sai da gasa, masu nema daga ƙasashe da yawa, gurbi kuwa kaɗan.

Kowane ɗalibi yana tsayawa ne kan fanni guda ya ƙware. Wani igiya yake hawa, wani tafiya kan waya, wani dogon ƙarfe a tsaye, wani lilo a sama. Ban da wannan ana koya musu rawa da wasan kwaikwayo da sanin gaɓoɓin jiki. Naka ya zaɓi jifa da cafkewa, wato sarrafa ƙwallaye da sanduna a iska, hannu biyu suna juya biyar.

Kai da ka tsufa a koyar da lissafi, ga abin da zai burge ka. Wasan yana da nasa rubutun na lambobi, wanda wasu ɗalibai a Amurka da Ingila suka ƙirƙiro a shekarun 1980. Kowace lamba tana faɗin jifa nawa za a ƙirga kafin a sake jefa wannan ƙwallon, don haka babbar lamba jifa ce mai tsawo. In ya rubuta 531, jifa ta farko ta yi sama sosai, ta biyu daidai, ta uku miƙa wa ɗaya hannun kawai. Ka tara 5 da 3 da 1 ka raba uku, ka sami 3, yawan ƙwallayen da ake bukata ke nan. Kowane salo da zai yiwu, haka lissafinsa yake fita cif. Littafin yaron cike yake da irin waɗannan lambobi, kuma yakan shafe yini a kan salo ɗaya har ya zauna masa. Ban taɓa ganin ya yi wa wani abu haƙuri haka ba.

Ni ma ya koya mini da ƙwallo uku, kuma ina yi in na dawo daga aiki. Da ɗaya ake farawa, a riƙa jefawa daga hannu zuwa hannu daidai tsayin goshi. In na farko ya kai ƙololuwa, sai ka saki na biyu ta ƙarƙashinsa. Ido ba ya kallon hannu, sama yake kallo, kuma in jifa ta yi kyau ƙwallon da kansa yake faɗowa tafin hannu. Muddin ina yi, ba na iya tunanin kuɗin haya ko takardu, kai yana hutawa. Ka gaya wa Inna ƙwallayen da muke amfani da su gero ne aka ɗura a ciki, don kada su gangara in sun faɗi.

Ka tuna 'yan hoto da Baba, Allah ya jiƙansa, yake kai mu kallo bayan girbi? Mutum ya cilla garma sama ya tare ta, makaɗa suna zuga shi, jama'a na yi masa kari. Manoma ne masu mutunci, ba wanda ya taɓa ce musu 'yan iska. Da na ba yaron labarinsu, sai ya ce yana so ya gina wasansa na gasar shiga a kansu.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Aikin na kwantiragi ne, yau akwai gobe babu. A nan sai mai wasa ya haɗa awa 507 na aiki cikin wata 12 kafin ya cancanci kuɗin da ake biyan 'yan wasa a lokacin da ba su da aiki. Jiki ne jarinsa, kafaɗa da wuyan hannu kuma suna gajiya. Saboda haka muka yi alkawari da shi: zai nemi takardar koyarwa ta gwamnati daga baya, don ya samu madogara, kuma ba zai yi wasa da salla ba ko yana kan hanya. Ya amince, kuma na yarda da maganarsa.

Abin da nake roƙo, Yaya, ka zauna da Inna ka fahimtar da ita, ta sa masa albarka kafin gasar. Ya ce ba zai shiga ba sai ya ji daga bakinta. Zan turo bidiyonsa a wayarka ka nuna mata. In kuma akwai sauran 'yan hoto a ƙauyukan wajen Mirriya ko Matamaye, ka sa wani ya ɗauko mana su a waya, a kuma tambayo nauyin garmar da suke cillawa, yana so ya sani.

A gaishe da su Gwaggo da duk mutanen gida.

Wassalam,
Ƙaninka