Wasiƙa daga Paris a kan burodi da masu raina na wasu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba da dukan mutanen Maraɗi. Wasiƙarka ta same ni, kuma na daɗe ina juya maganar da ka yi, cewa kana tsoron kada zaman Faransa ya mai da ni mai tsirfar abinci, tunda na gaya maka nakan wuce kantuna biyu da safe don in je wani gidan burodi na musamman. Na san ƙauna ce ta sa ka faɗa, shi ya sa nake so in ba ka amsa mai tsawo.

Abin da yake jan mutane zuwa irin waɗannan gidaje aiki ne, kuma aikin yana fitowa a baki. A shekarar 1993 gwamnatin Faransa ta kafa dokar da ta ce duk burodin da za a kira na gargajiya, sai an yi shi da fulawar alkama da ruwa da gishiri da yisti, ba a zuba masa sinadaran gyara, ba a kuma daskarar da kwaɓin a firiza. A 1998 aka ƙara wata dokar da ta hana shago ɗaukar sunan gidan burodi sai idan a nan ake kwaɓawa, a nan kwaɓin yake tashi, a nan ake gasawa. Mai gasa wanda nake saye yana barin kwaɓinsa ya kwana yana tashi a hankali, kuma kafin asuba ya riga ya kunna tanderu. Idan ka karya baget ɗinsa, wato dogon burodin nan na Faransa, za ka ji ɓawon yana ƙara, cikin kuma ba fari fat ba ne, yana da ramuka manya da ƙanana da ƙamshin alkama. Kai da kanka kana tsallake masu kilishi nawa a kasuwa kafin ka isa wurin wanda ka yarda da yajinsa, kuma babu wanda ya taɓa kiran ka mai girman kai saboda haka.

Wani abin da ya ƙara mini son sana'ar shi ne ba ta tambayar asalin mutum. Tun 1994 hukumar birnin Paris take shirya gasar baget kowace shekara, wanda ya ci kuma shi ne zai riƙa kai wa fadar shugaban ƙasa burodi har shekara guda. Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya ci gasar sau biyu, a 2010 da 2015, kuma a 2023 wani ɗan asalin Sri Lanka ne ya ɗauke ta. Ko kuruwasan, wato ɗan lanƙwasasshen burodin nan mai bota da ake tinƙaho da shi, asalinsa daga Vienna ne, wani mutumin Ostiriya mai suna August Zang ne ya buɗe shagon irin wannan gashi a Paris a ƙarshen shekarun 1830.

Amma tsoronka yana da tushe, domin na ga abin da kake nufi da idona. A watan Janairun 2022 manyan kantunan Leclerc suka sanar da cewa za su sayar da baget a kan santim 29, alhali a lokacin a gidan burodi yakan kai kusan Yuro ɗaya (santim ɗari) ko fiye. Masu gasa burodi da manoman alkama suka fusata, suna cewa an wulaƙanta guminsu, kuma ina ganin suna da hujja, tunda ƙananan gidajen burodi sun daɗe suna rufewa, musamman a ƙauyuka. Sai dai a cikin wannan gardama na ji wani mutum a layi yana cewa wanda yake cin burodin kanti bai san abinci ba, kuma bai damu da lafiyar 'ya'yansa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, saboda na tuna da wata maƙwabciyata mai 'ya'ya huɗu da take sayen baget uku kullum daga albashin shara da goge-goge. Idan ka lissafa bambancin kuɗin a wata guda, za ka ga ba rashin sanin daɗi ne ya kai ta kanti ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda bai taɓa ƙirga santim a tafin hannunsa ba bai kamata ya yanke mata hukunci ba.

Akwai kuma sababbin shaguna masu ƙyalƙyali inda ake sayar da kuruwasan ninki uku na kuɗinsa, mutane su yi dogon layi don su ɗauki hoto su sa a Instagram kafin ma su ɗanɗana. Waɗannan ban cika shiga ba. A ganina suna da ado suke sayarwa, kuma su ne suke jawo wa masu sana'ar gaskiya baƙin jini.

Lokacin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar baget cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, a taronta na Rabat a watan Nuwamban 2022, na yi murna, amma zuciyata ta koma gida, ga dogon burodin nan da muke saye wurin mai shayi muna yara, a yanka mana rabi a shafa bota. Har yau ban ci wani abu a nan da ya sa na ji kunyar wancan ba.

Ka rubuto mini ka gaya mini nawa ake sayar da burodi a Maraɗi yanzu, da kuma ko tsadar fulawa ta sa an rage masa girma. Baget ba ya kwana bai bushe ba, saboda haka idan Allah ya kawo ni da damina zan taho maka da babban burodin nan mai tsami da yake yin kwanaki bai lalace ba, mu ci tare ka faɗa mini ra'ayinka. Ka gaishe da su Baba da uwargida da yara.

Naka amini har kullum.