Japan na da kuɗin makamai, amma ina sojan da zai riƙe su?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan sauyin da Japan ke yi a manufofinta na tsaro da hulɗa da ƙasashen waje. Yawanci ana tsayawa ne a kan kuɗin da ta ware, a ce ta dawo sahun masu ƙarfin soja. A ganina lissafin bai cika ba.

Sashe na 9 na kundin tsarin mulkin 1947 ya hana Japan warware rikici ta hanyar yaƙi, kuma har yau ba a gyara shi ba, fassararsa ce ake ta sauyawa. A 2015 gwamnatin Firayim Minista Shinzo Abe ta kafa dokokin da suka ba dakarun ƙasar damar kai wa ƙawa ɗauki, muddin harin da aka kai mata na barazana ga wanzuwar Japan. A Disamban 2022 Firayim Minista na lokacin, Fumio Kishida, ya ɗora da shirin kashe yen tiriliyan 43 cikin shekara biyar, da ɗaga kasafin tsaro daga kusan kashi 1 zuwa kashi 2 cikin ɗari na tattalin arziki. Daga baya aka ƙulla cinikin makamai masu linzami na Tomahawk har 400 daga Amurka. Tsoron da Japan ke yi yana da tushe. A Agustan 2022, yayin atisayen Sin a kewayen Taiwan, makamai masu linzami biyar da Sin ta harba suka faɗa cikin ruwan da Japan ke da haƙƙin cin arzikinsa, kuma tsakanin tsibirinta na Yonaguni da Taiwan kilomita kusan 110 ne kacal. Wata biyu bayan nan makamin Koriya ta Arewa ya ratsa samaniyar arewacin ƙasar.

To amma ga inda gizo ke saƙa. An yi lissafin shirin ne a kan yen 108 duk dala ɗaya, sai ga dala ta haura yen 150. Ke nan duk jirgin yaƙi ko makamin da za a biya da dala ya ƙara tsada da kusan kashi 40 cikin ɗari, alhali bashin gwamnati ya ninka tattalin arzikin ƙasar fiye da sau biyu.

Matsalar mutane ta fi wannan ciwo, domin kuɗi ba ya maganinta. A shekarar kuɗi ta 2023 rundunar ta samu kusan rabin sababbin sojojin da ta nema, a 2024 kuma jariran da 'yan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba. Shi ya sa aka ƙera jiragen ruwan yaƙi samfurin Mogami yadda mutum kusan 90 za su tafiyar da kowanne. Dabara ce mai kyau, amma in gobara ta tashi ko ruwa ya shigo ciki, hannuwa ake buƙata da yawa, ga masu gadi ba su samu isasshen barci ba.

Sannan Sin ce babbar abokiyar cinikin Japan, kuma ta san inda za ta matsa. A 2010, bayan karon jiragen ruwa kusa da tsibiran Senkaku, waɗanda Japan ke riƙe da su amma Sin ke iƙirarin nata ne, wasu muhimman ma'adinan da masana'antun Japan ke sayowa daga Sin suka tsaya cak. A 2023 Sin ta hana shigar da abincin teku daga Japan. Don haka Tokyo ba ta da zaɓi face ta rungumi Amurka, mai sojoji sama da 50,000 a ƙasar, ta kuma ƙulla yarjejeniyar shige da ficen dakaru da Ostireliya da Birtaniya da Filifin.

Abin da ya fi damuna shi ne Senkaku, inda jiragen tsaron gaɓar teku na Japan da Sin ke gilmawa kusa da juna kusan kullum. Kuskuren matuƙi ɗaya na iya jawo Amurka ciki, tunda ta ce Sashe na 5 na yarjejeniyar tsaro ta 1960 tsakaninta da Japan, wanda ya ɗora mata alhakin kai wa Japan ɗauki, ya shafi tsibiran. Akwai layin waya na gaggawa da hukumomin tsaron Japan da Sin suka buɗe a 2023. Ya kamata su riƙa gwada shi a kai a kai tun ana zaman lafiya, har da jami'an tsaron gaɓar teku a ciki, domin su ne ke ido da ido a kan ruwan.

Wassalam,
Mai bibiyar al'amuran Gabashin Asiya