Aminina, Batun Littafin Nan Ne

Assalamu alaikum mutumina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun naka ya yi yawa. Ko sanyin can ne ya daskarar maka da yatsu?

Littafin nan da na buga da kaina, wanda muka kusa ɓatawa a kan babinsa na uku, shi ya hana ni barci kwanan nan. Na shiga neman wakilin marubuta, ejan ɗin da zai kai shi gaban manyan kamfanonin ɗab'i. Na rubuta wasiƙar gabatarwa shafi ɗaya, na haɗa da taƙaitaccen labarin da babukan farko, na tura wa mutum tara. Bakwai ko uffan. Jiya da dare, ina shirin kashe fitila, sai ga amsar wata, layi uku kacal: labarin ya burge ta, amma kwafi nawa na sayar?

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe a wurinsu littafin da ya riga ya shiga kasuwa an gama gwada shi, kuma da lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba littafi, suna iya bin sawun cinikinsa. In bai kai dubbai ba, kamfani zai ce masu karatu sun riga sun yanke hukunci. Na faɗa mata gaskiyar adadin, ban ƙara ko ɗaya ba. Na kuma sanar da ita ina cikin tsarin KDP Select na Amazon, inda kwana 90 ba ka sayar da kwafin littafin na lantarki a wani wuri ban da Amazon sai wa'adi ya cika.

Na taran kuwa cewa ya yi in biya shi kuɗin karantawa tukuna. Ban ko amsa ba. Wakili na gaskiya sai an sayi littafi yake cin nasa, kashi 15 cikin 100, galibi 20 in fassara ce.

 

Da safen nan matar ta sake rubutowa. Ta ce in bar tsohon inda yake, in turo mata sabon da nake rubutawa, wanda ba wanda ya taɓa gani. Na san shawarar tata daidai ce, amma shekara huɗu na yi a kan na farin, raina bai sake shi ba.

Zan turo maka babi biyu na sabon ranar Juma'a. Ka karanta kafin Litinin, kuma kada ka raga min.

Naka har kullum,
Amininka