Samarinmu na Makka ba raggwaye ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Maganar da baƙonku ya yi a shirin wasanni na ranar Asabar, wai 'ya'yan Hausawa mazauna Saudiyya ba sa shiga tseren kasada, wato gasar da ake haɗa gudu da hawan keke da tuƙa kwalekwale, saboda ragwanci da son zaman inuwa, ta ɓata mini rai ƙwarai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mai gabatarwa ya bar ta ta wuce, har da 'yar dariya, bai ko tambaye shi ya taɓa taka unguwanninmu ba.

A Makka aka haife ni. A unguwarmu gidaje a kan dutse suke, mota ba ta kai wa ƙofa, kullum za ka ga yaro ya saɓa tukunyar gas a kafaɗa yana haura matakala har ƙololuwa bai ajiye ba. Samarin da ke tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa fa? Sa'ayi ɗaya ya zarce kilomita 3, kuma a watan Ramadan suna gama wannan su ɗauki wani, da azumi a bakinsu. Waɗannan ne raggwayen?

Da baƙon ya yi adalci, da ya lissafa abin da tseren yake ci. Tawaga ta mutum huɗu ce, ana gudu da ƙafa, a hau keke, a tuƙa kwalekwale, a nemo tashoshi da taswira da kamfas. Kowa na buƙatar keken hawa dutse da hular kwano da fitilar goshi da takalmi mai ƙwari, ga kuɗin rajista, ga kuɗin mota da masauki idan a wuri mai nisa irin AlUla za a yi. Sanarwa kuma sau da yawa da Turanci take fitowa a intanet, biya da katin banki. Saurayin da Juma'a ce kaɗai hutunsa, kuma rabin albashinsa na hayar ɗaki ne, ta ina zai fara?

Da sanyin bara ni da abokaina mun shirya ɗan ƙaramin tsere a wajen Ɗa'if. Taswirar da hannu muka zana, kekuna aro muka yi, kwalekwale kuwa muka cire shi gaba ɗaya, don yawancin yaranmu ba su iya iyo ba. Wahalar da muka sha duk a kan neman izini ce da ruwan sha da motar da za ta bi bayan masu tsere saboda rauni. Neman mutane bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Sai da muka mayar da wasu gida saboda kekuna sun ƙare, wani yaro ma da silifas ya zo yana roƙon a bar shi ya gudu haka nan.

Tun 2020 ake yin tseren motoci na Dakar a ƙasar nan, amma mu 'yan kallo ne kawai. Gudun fanfalaki na Riyad da aka fara a 2022 ya ja jama'a ne domin an buɗe zangon kilomita 4 na iyali a gefen na kilomita 42. Abin da ya kamata ku tambayi masu shirya tseren kasada ke nan: ina ƙaramin zango mai araha, ina hayar kayan aiki, ina sanarwa da Larabci da Hausa? Ina roƙo ku sake shirin, ku gayyaci ɗaya daga cikin samarin nan ya ba baƙon naku amsa da bakinsa.

Sannan don Allah ku riƙa faɗin lokacin shirye-shiryenku da agogon Makka ma. Awa 2 ke tsakaninmu da Najeriya da Nijar, dattawanmu suna ta kuskuren lokacin kunna rediyo.

Naku mai sauraro,
daga Makka, Saudiyya