Kafin a sayi tsohuwar libarba, a nemi shaidarta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Amurka da suka fara sha'awar tara kayan tarihi, game da yadda ake ƙimanta tsohuwar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai gidan harsashi da yake juyawa, kafin a biya kuɗinta, domin kasuwa ce da mai gaggawa yake tafka asara a cikinta.

Tsufa kaɗai ba ya sa wa bindiga daraja. Libarbar Colt Walker ta shekarar 1847 guda 1,100 kacal aka ƙera, shi ya sa aka sayar da ɗaya daga cikinsu dala miliyan 1.84 a gwanjon Rock Island a 2018. Ita kuwa Colt Single Action Army, wadda kamfanin Colt ya fara ƙerawa a birnin Hartford na Amurka a 1873, an yi ta dubbai barkatai, amma wadda jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan ta'addan nan na Amurka, Billy the Kid, da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a gwanjon Bonhams a 2021, saboda akwai takardun da suka nuna hannun da ta bi har ta iso wurin mai sayarwa. Labarin da dillali zai bayar da baki, cewa wani jarumi ne ya riƙe ta, ba ya ƙara mata ko sisi idan babu rubutacciyar shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙyalli yake ruɗar sabon shiga. Masana wannan harka sun fi son bindigar da ta dusashe da launinta na asali a kan wadda aka goge aka sake wa launi, domin gugar takan cinye kaifin gefuna, ta shafe zurfin rubutun da masana'anta ta buga a kan bututun, farashin kuma ya faɗi ƙasa warwas. Mai saye ya juya ta a wuri mai haske, ya duba lambar ƙira a jikinta, da ƙarfen da ya kare kunamarta, da bayan mariƙinta, ya tabbatar lambobin sun zo ɗaya, kuma zanen alƙaluman iri ɗaya ne. Idan sun saɓa, to haɗe-haɗe aka yi. Akwai kuma kwaikwayon da kamfanoni irin su Uberti na Italiya suke ƙerawa bisa halal, amma wasu marasa amana sukan kankare tambarinsu, su sa musu tsatsa da gangan, su sayar da su a matsayin na da.

Kamfanin Colt yana bayar da wasiƙa daga kundinsa, a kan kuɗi, wadda take faɗin ranar da aka aika bindigar, da inda aka aika ta, da tsawon bututunta da launinta. A ganina duk wanda ya ƙi jiran wannan wasiƙa, ko ya ƙi a kai kayansa wurin masanin da ba shi da rabo a cinikin, bai kamata a yi ciniki da shi ba.

A kuma kula da doka. Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, amma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, don haka kada wani ya saya da niyyar sako ta cikin kaya ya kawo gida.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku